Saniyar madara da za ta jure zafinmu: yadda za ka zaɓa, ka haɗa iri, ka riƙe ta

Kusan duk wanda ya zo mini da maganar kiwon shanun madara, da bidiyo yake farawa. Ya buɗe waya ya nuna mini saniya mai dabbare-dabbaren baƙi da fari, hantsarta kamar tulu, ana cewa tana ba da lita 30 ko 40 a rana. Ba ƙarya ba ne. Holstein ce, wadda wasu ke kira Firiziyan, asalinta arewacin Holan da Jamus, kuma a Amurka saniya ɗaya tana haura lita 10,000 a shekara. Abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne sanyin garin da aka ɗauke shi, da tulin abincin da ke gabanta, da likitan da ke zagaya ta. Wani maƙwabcina ya taɓa sayo irinsu guda huɗu a watan Janairu, ana tsakiyar hunturu, suna ta walwala. Kafin ruwan farko ya sauka ya binne ɗaya, ya yanka ɗaya, sauran biyun kuma madararsu ta koma ƙasa da rabin abin da aka yi masa alkawari. Har yau abin yana yi mini ciwo, domin kuɗin fansho ya zuba. Shi ya sa nake son duk mai niyya ya bi matakan nan a jere.

Mataki na farko: auna gidanka kafin ka auna saniya

Zauna da biro da takarda ka amsa tambaya huɗu: wane zafi ake yi a wurinka a watan Afrilu, abinci nawa za ka iya tanada na rani, ruwa nawa kake da shi kullum, kuma wa zai sayi madarar da safe.

Zafi dai ka san shi. Saniyar Turai tana cikin jin daɗi ne tsakanin digiri 5 zuwa 25 a ma'aunin Salsiyas. Sakkwato, Maiduguri, Maraɗi da Zindar suna haura 40 a bazara. Jos da Vom, da tsaunin Mambila, tudu ne mai sanyi, don haka abin da ya yi kyau a can ba lallai ya yi a Gumel ba.

Lissafin abinci shi ne wanda mutane suka fi tsallakewa. Saniya mai tatsa tana cin busasshen abinci kimanin kashi 3 cikin 100 na nauyinta a rana. Mai kilo 400 ke nan tana buƙatar kilo 12: a ce kilo 8 na ciyawa da harawa, kilo 4 na dusa da angurya da ƙuli-ƙuli. Raninmu daga Nuwamba zuwa ƙarshen Mayu ya kai kwana 210. Ninka 8 sau 210, ka samu kilo 1,680 na ciyawa da harawa, na saniya ɗaya tak. Holstein mai kilo 600 kuwa tana neman kilo 18 zuwa 20 a rana, kuma ba kara ba, abinci mai kyau. Ruwa ma haka: ruwa-biyu, wato haɗin saniyar gida da ta Turai, tana shan lita 60 zuwa 80 a ranar zafi, Holstein tana wuce lita 100. In da jarka kake sayen ruwa a wurin 'yan garuwa, ka ga amsarka tun yanzu.

Kasuwa kuma, ɗanyar madara ba ta jira. Awa biyu ko uku a zafinmu ta fara juyawa. Ko dai kana kusa da wurin tara madara mai na'urar sanyaya, ko kana da mai yin kindirmo da yogot da zai karɓa kullum, ko kai da kanka za ka dafa ka sarrafa.

Mataki na biyu: san shanun da ke akwai

Da ɗan gari akan ci gari, don haka mu fara da na gida. Bunaji, farar saniyar Fulani mai baƙin hanci da baƙin kunne, ita ta fi yawa a Najeriya. A ruga, bayan maraƙi ya sha, abin da ake tatsa bai cika wuce lita 1 zuwa 2 ba, da damina ya ɗan ƙaru. Takan yi haihuwar fari tana shekara huɗu ko fiye, kuma tsakanin haihuwa da haihuwa yakan kai shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Wannan shi ne rauninta. Amma madararta akwai mai, jikinta ya san kaska, tana cin kara ta rayu, kuma farin gashinta yana mayar da rana. Yawancin wannan jinkirin haihuwa ma yunwa ce, ba jini ba. Ka ciyar da Bunaji yadda ya kamata, za ka sha mamaki.

Bokoloji, gudalin Sakkwato, mai gajeren ƙaho da yalwar fatar wuya, tana da sanyin hali, ga jiki, ga madara daidai gwargwado. Ni ina ganin ita ta fi dacewa da turke a cikin shanun gida, domin ba ta da faɗa kuma tana saurin sabo da mutum. Azawak, wadda ake samu a Nijar da Mali da kan iyakar Sakkwato, ita aka fi yaba wa da madara a shanun Sahel, kuma tashar kiwo ta Tukunus da ke yankin Filinge ta daɗe tana tace irinta. Wanda ke Katsina, Sakkwato ko Yobe, inda ruwan sama ke da ƙaranci, ya dube ta da kyau. Wadara ta Borno ma ba ta da laifi wajen nono. Rahaji, jar saniyar Bororo mai dogon ƙaho, ta tafiya ce, ba ta son ɗauri. Kuri kuma ta tafkin Chadi ce, in ka raba ta da bakin ruwa ba ta jin daɗi.

Na Turai, Holstein ita ce sarauniyar yawan madara, kuma ita ta fi kowa shan wahala a nan. Dalilin yana cikin jikinta: narkar da abinci da yin madara wuta ne, saniyar da ta fi ci ta fi ba da madara, ita ta fi zafin ciki. Ga girman jiki, ga baƙin gashi. Idan zafi ya dame ta sai ta rage ci, madara ta faɗi, ciki ya ƙi shiga. Manyan gonaki irin ta kamfanin Arla da ke Damau a jihar Kaduna suna riƙe Holstein zalla, amma da rumfuna masu fanka da feshin ruwa, da abincin da aka noma don su, da ma'aikata dare da rana. In ba ka da irin wannan ƙarfi, kada ka gwada. Jersey, wadda sunanta na wani tsibiri ne tsakanin Ingila da Faransa, ƙarama ce, kilo 400 zuwa 450, madararta ba ta kai ta Holstein yawa ba amma manta ya kai kashi 5 cikin 100. Ta fi jure zafi, ba ta cin abinci da yawa, tana balaga da wuri, kuma maraƙinta ƙarami ne, haihuwarsa ba wuya. Brown Swiss tana tsakiya: ƙafa mai ƙarfi, jure zafi fiye da Holstein, 'ya'yanta maza kuma suna yin nama.

Akwai kashi na uku da mutanenmu ba su cika sani ba, alhali su suka fi kama da mu: shanu masu tozo da aka tace don madara a ƙasashe masu zafi. Sahiwal daga Panjab ta Pakistan take, Kenya ta daɗe da rungumarta, har tana da garken gwamnati a Naibasha. Gir daga Gujarat ta Indiya, mai kumburarren goshi da dogon kunne, Barazil ta ɗauke ta ta mayar da ita saniyar madara ta gaske. Daga haɗin Gir da Holstein ne Barazil ta fitar da Girolando, wadda hukuma ta amince da ita a matsayin iri mai zaman kansa a 1996, kuma yawancin madarar ƙasar daga irin wannan haɗin take fitowa. Sun yi abin da ya kamata mu yi: sun ɗauki madarar Turai suka ɗora a kan jikin da ya san rana.

Mataki na uku: tsayar da yawan jinin Turai

Nan ne zuciyar maganar. Idan ka ba Bunaji ko Bokoloji maniyyin Holstein ko Jersey, 'yar da za a haifa rabi da rabi ce, ruwa-biyu ta farko. Cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ta yi shekaru da dama tana haɗa Firiziyan da Bunaji, kuma abin da ake gani a nan da sauran ƙasashen zafi iri ɗaya ne: ruwa-biyu ta farko tana ninka uwarta madara sau biyu ko fiye, tana haihuwar fari kusan shekara uku, kuma ba ta faɗuwa da ciwo kamar Baturiya zalla. Da abinci mai kyau, lita 6 zuwa 10 a rana abu ne mai yiwuwa. Ga mai ƙaramin ƙarfi, wannan ita ce saniyar.

Matsalar tana zuwa ne idan ita ruwa-biyun ta nemi bijimi. Me za ka ba ta? Da yawa, don ɗokin madara, sai su sake ba ta Holstein. 'Yar ta fito da kashi 75 na jinin Turai. Su sake, jika ta fito da 87.5. A lokacin ka koma gidan jiya: saniyar Turai ce a hannunka, da duk buƙatunta, kuma kai kana mamakin me ya sa jikar ta fi kakarta laulayi. Wasu kuma su haɗa ruwa-biyu da bijimi ruwa-biyu. Jinin yana nan a kashi 50, amma 'ya'yan ba sa fitowa bai ɗaya, wata ta ɗauko nan wata ta ɗauko can, kuma a dunƙule madararsu ba ta kai ta iyayen ba, domin ƙarfin da haɗin farko ke bayarwa yana raguwa.

Ga yadda nake ba da shawara. In kana wuri mai tsananin zafi, kuma kiwo da harawa ne dogaronka, kada ka bar jinin Turai ya yi ta hawa: ruwa-biyu ta farko ka ba ta Gir ko Sahiwal, 'yar ta fito da rubu'in jinin Turai, amma rabinta na mai tozo ne da aka tace don madara. Ita kuma sai a ba ta Holstein ko Jersey, jini ya hau zuwa kashi 62.5, wato biyar cikin takwas, daidai ma'aunin da aka gina Girolando a kai. Haka za ka yi ta juyawa, sau ɗaya na Turai, sau ɗaya mai tozo. Kashi 75 na wanda ke da rijiyar burtsatse ne, da rumfa mai kyau, da gonar ciyawa, ko wanda ke kan tudu kamar Jos da Mambila. Kuma in uwar ƙarama ce ko karsana ce mai cikin fari, Jersey za ka ba ta, kada babban maraƙin Holstein ya maƙale mata.

Mataki na huɗu: barbara

Riƙe bijimin Turai asara ce ga mai shanu biyar: yana ci ba ya tatsuwa, zafi yana lalata maniyyinsa, ga haɗari ga yara. Ɗura maniyyi ya fi. Ana ajiye shi a tulun ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, kuma in ruwan tulun ya ƙare ko sau ɗaya, maniyyin ya mutu ko da an sake cikawa. Ka tambayi ma'aikacin da zai ɗura sunan bijimin da irinsa, ka karɓi tsinken robar da maniyyin ya zo a ciki ka ajiye, domin rubutun yana jikinsa.

Saniya tana neman bijimi kowane kwana 21 ko kusa da haka. Alamun su ne yawan kuka, yauƙi mai tsabta daga farji, hawan 'yan uwanta, kuma mafi tabbas, ta tsaya cak a hau ta. Shanunmu masu tozo nemansu gajere ne kuma sau da yawa cikin dare, don haka ka duba da asuba da bayan magariba. In ka gan ta da safe, a ɗura da yamma. In da yamma, washegari da safe. Ramammiyar saniya ba ta ɗaukar ciki, ka fara ciyar da ita wata biyu kafin nan. Ciki wata tara ne da 'yan kwanaki, don haka in ka yi barbara a Satumba ko Oktoba, lokacin da shanu ke da jiki, haihuwa za ta zo a Yuni ko Yuli, a kan sabuwar ciyawa.

Mataki na biyar: in saye za ka yi

Kasuwannin Maigatari, Potiskum, Wudil da Illela wuraren sayen uwayen gida ne masu kyau, amma saniyar madara ba a saye ta da baki. Makiyayi ba ya sayar da mai nononsa sai dole. In ruwa-biyu ce, je gonar da take, ka tsaya a tatse ta a gabanka safe da yamma, kwana biyu a jere. Cikakkiyar hantsa a kasuwa ba shaida ba ce, ana iya ƙin tatsar ta tun jiya. Taɓa hantsar bayan tatsa: ta yi laushi, ba ƙulli, kan nono huɗu duk suna zuba. Buɗe baki ka ga haƙora; manyan haƙora biyu na farko suna fitowa wajen shekara biyu, takwas suna cika bayan shekara huɗu. Mai haihuwa ɗaya ko biyu ta fi. Tambayi ko ta taɓa ɓari, ka duba gwiwoyinta ko akwai kumburi, sannan ka sa likita ya yi mata gwajin bakkale, wato ciwon da ke sa ɓari, da tarin fuka, domin duka biyun suna kama mutum ta ɗanyar madara. Ka kawo ta gida da sanyin safiya ko da dare, ka ware ta mako uku zuwa huɗu kafin ta shiga cikin sauran.

Mataki na shida: inuwa da ciyarwa

Rumfa ta miƙe gabas zuwa yamma, gefenta a buɗe, tsayinta mita 3.5 zuwa 4. Kwanon rufi mara tsayi tanderu ne; in shi ke gare ka, ka shimfiɗa masa ciyawa ko zana a sama. Bishiyar darbejiya ko mangwaro a gefe ta fi fanka arha. Da rana ka tsaya ka ƙirga numfashin saniya ta kallon haƙarƙarinta: in ya wuce 60 a minti ɗaya zafi ya fara cin ta, in ta buɗe baki tana haki, miyau na dalala, gaggawa ce. Jiƙa bayanta da ruwa har ya taɓa fata, ka bar iska ta busar, ka maimaita. A busasshen zafin Maris da Afrilu wannan yana aiki sosai. Kiwo kuma da sassafe da yamma, babban abinci da dare.

Ba a fafe gora ranar tafiya: harawar wake da ta gyaɗa a Oktoba da Nuwamba ake tara ta, lokacin da take da arha. In kana da fili, shuka lablab da gamba, ko ciyawar Nafiya in akwai ban-ruwa. Masara ko dawa da aka yanka ɗanya, aka daddatse, aka danne a rami aka rufe da leda, tana ajiyuwa har rani. Ƙa'idar dusa mai sauƙi ce: kilo ɗaya na haɗin dusa da angurya ko ƙuli-ƙuli ga kowace lita 2 zuwa 2.5 ta madara. Gishiri da kanwa kada su yanke. Duk abin da ya yi fumfuna ka zubar, gubarsa tana fita a madarar da 'ya'yanka za su sha.

Mataki na bakwai: cuta

Kaska ce babbar abokiyar gabar ruwa-biyu. Ita ke kawo fitsarin jini, da ciwon da saniya ke faɗuwa tana shure-shure, kuma ita ke buɗe wa kirci ƙofa da damina. Kirci kuwa ya fi cin masu jinin Turai. Duba ƙarƙashin wutsiya, hantsa da kunne kowace rana, ka yi feshi a kan lokaci yadda takardar maganin ta ce. Inda akwai tsando, kamar kudancin Kaduna, Neja da Taraba, sammore yana nan, kuma maganinsa aikin likita ne, ba na mai tallar allura a kasuwa ba. Rigakafin ciwon huhu, harbin daji, saifa da boru a yi su a kan ƙa'ida. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, wadda ke aiki tun 1924, tana yin yawancinsu. Wanke hannu da hantsa kafin tatsa, ka tatsi ɗigon farko a baƙin kofi ka ga ko akwai gudaji. Saniyar da aka yi wa allurar kashe ƙwayoyin cuta, madararta ba ta sayarwa ba ce har kwanakin da aka rubuta su cika.

Mataki na takwas: maraƙa da littafi

Maraƙar da aka haifa yau ita ce garkenka na shekara uku masu zuwa, kuma a nan ne muke cutar kanmu, mu tatse uwa tas mu bar 'ya da yunwa. Ta sha dakashi cikin awa biyu na farko, ta ƙoshi, ta kuma ci gaba da samun rabonta har wata uku. Yawancin shanu masu tozo ba sa sakin nono sai sun ga ɗansu, don haka ka bari ya fara tsotsa, ka tatsi kan nono uku ka bar masa ɗaya. Kada a ba ƙaramin maraƙi angurya. Uwa kuma a daina tatsar ta kwana 60 kafin haihuwa ta gaba.

Sayi littafi mai bango mai ƙarfi, kowace saniya da shafinta: sunanta, uwarta, bijimin da aka ba ta da irinsa, kashin jininta, ranar barbara, ranar haihuwa, da litar da ta bayar aƙalla sau ɗaya a mako. Ranar da maraƙar nan ta girma ta nemi bijimi, ma'aikaci zai tsaya da tulunsa a ƙofar rumfa ya tambaye ka wanne zai ɗura, Holstein ko Gir. Shafin nan za ka buɗe: in ka ga 50 ko sama da haka, ka ce masa mai tozo, in ƙasa da 50 ne, ka ce masa na Turai.